Resor, ƙugiya da karne: yaushe ake canja kayan cikin ƙaramar bindiga?

Akwai wata gardama da na daɗe ina ji a ƙofar gidan kawuna a unguwar Birni, nan Damagaram, kuma har yau ba ta mutu ba. Kawu ya yi shekaru yana riƙe da makullin ɗakin ajiyar makamai kafin ya ajiye kaki. Abokin hirarsa, wanda duk muke kira Baba, tsohon makanike ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa ƙarƙashin motocin da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas. In an yi la'asar aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi, ba a jimawa magana za ta koma kan ƙarfe. Baba yakan ce duk abin da rai ya rataya a kansa ba a jiran ya mutu kafin a canja shi. Shi bai taɓa barin direba ya kama hanyar Agadas da tsohuwar kurwa, wato bel ɗin inji, ba. Kawu kuma ya ce, "Malam, bindiga ba mota ba ce. Da idona na ga wadda aka buɗe tana lafiya lau, aka sa mata sabon kaya, ranar da aka kai ta filin harbi ta cije a harsashi na uku."

Na saurare su ya fi a ƙirga, na kuma bi abin da masu ƙera bindigogi da masu gyaransu ke faɗa, sai na gane kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya. Kayan da ke cikin bindiga ba mutuwa iri ɗaya suke yi ba. Wani gajiya yake yi a hankali ba tare da an gani ba, wani sai ya nuna alama kafin ya karye, wani kuwa zai raka mai shi har ritaya bai ce uffan ba. Sai an san yadda kowanne ke mutuwa kafin a iya sa ranar canja shi.

Zancen ya shafi waɗanda doka ta ɗora wa ɗaukar makami: sojoji, jandarmomi, ƴan sanda, jami'an duwan, ma'aikatan gandun daji, da ƴan tsirarun farar hula da hukuma ta ba izini a rubuce. Wanda ke riƙe da bindiga ba da izini ba, miƙa ta ne ya kamace shi, kuma tun 1994 Nijar ke da hukumar CNCCAI don tattara irin waɗannan makamai. Amma ina ganin ya dace mu ma farar hula mu fahimci maganar, domin mai tsayuwa a shingen bincike kan hanyar Magariya ko ta Gure da wannan ƙarfe a ƙugu, ƙanen wani ne, mijin wata ne. Bindigar da ba ta samun kulawa kuwa ta fuska biyu take cutarwa: ta ƙi tashi lokacin da ake buƙata, ko ta tashi lokacin da ba a so.

Mutanen Damagaram ba baƙin bindiga ba ne. A zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, garin nan ya tara dubban bindigogi, ana haɗa albarushi a gida, har igwa aka ƙera a nan. Sai dai bindigar wancan zamani in ta karye, maƙeri zai hura wuta ya buga mata wani ƙarfe, ya goge da magagari har ya zauna. Ƙaramar bindiga ta yau ba ta yarda da haka. Kowane ɗan ƙarfe da ke cikinta an auna shi da awon da ya fi silin gashi ƙanƙanta, an gasa shi zuwa wani tauri na musamman. Abin da ya fito daga maƙera, ko da ido ya ga kamar ɗaya ne, ba zai jure abin da ke faruwa a ciki ba.

Ga abin da ke faruwa. Idan aka ja kunama, wata siririyar allura takan doki ɗan idon da ke gindin harsashi, albarushi ya kama. A harsashin milimita 9, wanda ya fito a 1902 daga hannun Georg Luger kuma har yau shi ya fi yawa a ƙananan bindigogin hukumomi, matsin da ke tasowa cikin bututu yana iya kai bar 2,350. Tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗoriya ake hura mata, ke nan kusan ninki dubu. Wannan ƙarfi shi ke tura harsashi gaba, shi ne kuma ke jefa marfin sama baya, marfin da masu kaki ke kira kilas. A tafiyarsa baya wata ƴar ƙugiya takan fizgo kwanson da ya ƙone, wani ɗan ƙarfe ya cillar da shi waje. Daga nan wani dogon resor, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai matsewa ta miƙe, ya tare kilas, ya maido shi gaba, ya kwaso sabon harsashi daga gidan harsashi, wato sharjer, ya cusa a bututu ya kulle. Duk kafin ƙiftawar ido. Glock 17, wadda aka fara ƙerawa a Ostiriya a 1982, kaya 34 kacal ne a cikinta, kuma da yawansu ƙananan resor ne da filoli waɗanda duka ba su cika tafin hannu ba.

A kan dogon resor ɗin nan ne hujjar Baba ta fi ƙarfi, kuma a nan ina bayansa ba tare da wata tantama ba. Kowane harbi matsa ɗaya ce da saki ɗaya. Ƙarfen resor yana gajiya da yawan lanƙwasa, kamar yadda waya ke yin laushi in ana ta lanƙwasa ta ana miƙewa. Da ya fara sanyi, kilas zai riƙa komawa baya da gudun da ya wuce ƙima ya doki gangar jikin bindigar. Mai harbi ba lalle ya ji bambanci ba, bindiga tana tashi, kwanso yana fita, amma a ciki ana ta dukan kayan da suka fi resor tsada nesa ba kusa ba: filoli, ƙarfen kulle, ita kanta gangar jikin. In sanyin ya yi yawa sai ya kasa maido kilas har ƙarshe, musamman in ƙura ta shiga, bindiga ta tsaya a buɗe kaɗan, a ja kunama shiru. Shi ya sa masu gyara suka fi ba da shawarar a canja shi tsakanin harbi 3,000 da 5,000 a manyan bindigogin aiki, a ƙananan da ake ɓoyewa cikin riga kuwa tun kafin haka, saboda resor ɗinsu gajere ne kuma wahalarsa ta fi yawa. Adadin ya danganta da ƙirar bindiga, kuma littafin kamfanin da ya ƙera ta shi ne alƙali. Abu ne mai araha, ana canja shi cikin minti ɗaya ba tare da an taɓa wani abu ba, kuma jiran mutuwarsa na jawo asarar abin da ba ya canjuwa. Daidai yake da kurwar da ke cikin injin Hilux: ba ta kuka, ba ta gargaɗi, a kilomita 100,000 ko 150,000 ake cire ta gwargwadon injin, ko da ido ya ga kamar sabuwa ce, domin in ta tsinke a kan tafiya da injin take tafiya.

To amma daga nan Baba yakan zarce. Shi a ganinsa, tunda rigakafi ya fi magani, a sa lokaci kowace shekara a zazzage cikin bindiga kaf a zuba sabo. A nan ne Kawu ke girgiza kai, kuma tarihi na bayansa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, an ɗora wa wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Conrad Waddington, binciken dalilin da ya sa jiragen da ke farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka fi daɗewa a gareji fiye da sama. Ana shigar da su babban dubawa bayan kowace awa 50 ta tashi. Da shi da abokan aikinsa suka jera alƙaluma, sai suka ga abin da ba wanda ya zata: lalacewa ta fi yawa a kwanakin da ke biye da gyaran, sannan ta riƙa raguwa, har lokacin wani gyaran ya zo ta sake tashi. Hannun masu gyara ne ke tayar da abin da ke kwance. Aka tsawaita tazarar dubawa, aka daina taɓa abin da bai nemi a taɓa shi ba, awannin tashin jiragen suka ƙaru da kimanin kashi 60 cikin 100. Bayan shekara 35, a 1978, injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen United Airlines, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka fitar da rahoton da ya canja tunanin duniya kan kula da na'urori. Sun gano kashi 11 cikin 100 ne kawai na kayan jirgi ke lalacewa saboda tsufa ta yadda sa musu wa'adi zai yi amfani. Sauran 89 ba ruwansu da wa'adi, kuma kashi 68 sun fi saurin mutuwa suna sababbi, jim kaɗan bayan an ɗaura su.

Kada a ɗauki waɗannan alƙaluma a ɗora wa bindiga kai tsaye. Jirgin sama cike yake da kayan lantarki da na'urori masu sarƙaƙiya, ita kuwa bindiga ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, kuma irin kayan da ke shan duka da guga da tsatsa su ne ke faɗawa cikin kashi 11 ɗin. Amma darasin ya tsaya: sabon kaya ba shi da shaida. Tsohuwar ƙugiyar da ta fizgo kwanso 4,000 ba ta kuskure ko sau ɗaya ba ta riga ta nuna halinta. Sabuwar da ke cikin leda ba wanda ya san nata tukuna.

Hanyoyin da sabon kaya ke cin amana suna da yawa. A tsofaffin ƙira irin Colt 1911 ta John Browning, ƙugiya ba a jefa ta kawai a rufe. Sai gwani ya daidaita ƙarfin kamunta da hannu, in ya yi yawa harsashi ya ƙi shiga, in ya yi kaɗan kwanso ya ƙi fita. A ƙirar zamani kuwa matsalar ita ce kamanni: kamfani ɗaya, suna ɗaya, amma zubi daban, kayan wannan ba ya zama a wancan. Ko kamfanin da kansa yakan yi tuntuɓe. Glock ta fito da zubinta na huɗu a 2010 da sabon resor mai ninki biyu, a 2011 ta nemi masu bindigogin su karɓi wani resor ɗin a madadin na farko. Sannan ga jabu. Duk wanda ya taɓa sayen kayan babur a kasuwar Dole ya san akwai na asali akwai mai kama da shi, kwali ɗaya, tambari ɗaya. A babur jabu zai bar ka a bakin hanya kana tura kabu-kabu. A bindiga abin ya wuce nan. Ƙari a kan haka, yawan bugun filoli ana fitarwa ana maidawa yana buɗa ramukansu, kuma akwai ƴan resor da ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, in ɗaya ya yi tsalle ya faɗa rairayi, sai wani ya rufe bindigar haka nan yana cewa ai ba kome. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Yawancin kayan bindiga suna tsakiya ne, kuma abin da ya fi kama da su a wurinmu shi ne igiyar guga. Ba mai hankalin da ke canja igiyar rijiya don wata ya kama, ba kuma mai jiran ta tsinke guga ya tafi ƙasa. Kullum tana bi ta tafin hannu, ana jin inda ta fara saɓulewa, ranar da aka ga zare ya tashi a yanke ko a sake. Haka ƙugiya take: kafin ta karye bakinta yakan ɗan ɓantare, kwanso ya fara faɗuwa kusa maimakon nesa, ko ya riƙa dukan goshin mai harbi. Allura kafin ta gaza, ramin da take bari a gindin kwanso yakan fara zama marar zurfi. Kawu ya ce shi bayan kowane atisaye yakan tsuguna ya tsinci kwanso biyar ko shida na kowace bindiga ya jujjuya su a hannu, domin kwanso wasiƙa ce daga cikin bindiga. Shi kansa dogon resor ana iya ajiye shi gefen sabo a ga yadda ya gajarta.

Labarin Beretta 92 ya nuna yadda hanyoyin nan ke haɗuwa a bindiga ɗaya. Sojan Amurka ya ɗauke ta a 1985 da sunan M9. Kafin ƙarshen shekarun 1980 aka samu kilas da suka tsage ana cikin harbi, rabin baya ya taso ya ji wa wasu sojojin ruwa rauni a fuska. Da yake ba a gama gano tushen matsalar ba, kuma abin da ke biyo bayan karyewar rauni ne ga mutum, sai aka ba da umarnin a riƙa cire kilas bayan ƙayyadadden adadin harbi, lafiyarsa lau ko ba lau ba. Wannan tsarin Baba ne tsantsa, kuma a wannan hali shi ne daidai. Daga baya aka gyara ƙirar, aka faɗaɗa kan wani fil yadda ko kilas ya karye ba zai taso baya ba, ita ce 92FS, sai buƙatar canjin dole ta kau. A cikin bindigar dai akwai wani ɗan ƙarfen kulle mai fikafikai biyu a ƙarƙashin bututu, wanda kamfanin ya ce a gwaje-gwaje yana kai harbi 22,000 a matsakaici. Matsakaici kuwa na nufin wani zai karye kafin nan, wani ya wuce. Don haka masu gyara ba sa dogara da lissafi kaɗai, duk wanki sai sun goge shi sun duba gindin fikafikan a haske, ko siririyar tsaga ta fara.

Bututu da gangar jiki su ne kayan da a bar su kawai. Bututun milimita 9 yana ɗaukar dubun-dubatar harbi kafin zanen cikinsa ya shafe. Abin da ke kashe shi da wuri tsatsa ce, da mugun wanki da sandar ƙarfe, da harbi alhali wani abu ya toshe shi.

Akwai rukuni ɗaya da ba na yarda a yi masa sassauci, su ne kayan tsaro. Yawancin bindigogin zamani suna da wani ɗan maɓalli a cikin kilas da ke tare allura, ba ta isa gaba sai an ja kunama har ƙarshe. Shi ke hana bindiga tashi in ta faɗi ƙasa. Matsalarsa ita ce in ya mutu ba abin da ke nunawa: bindiga za ta ci gaba da harbi kamar kullum, sai ranar da ta suɓuce daga kube a bayan mota cike da mutane. Irin wannan ba a jiran alamarsa, domin alamar ita ce musibar. Dole mai gyara ya gwada shi da gangan a kowane dubawa, in ya yi shakka ko kaɗan ya canja. Kuma ba aikin mai ɗaukar bindigar ba ne. Shi iyakarsa wanki da mai da kai rahoto.

Duk alƙaluman da na kawo daga ƙasashen da ake harbi da yawa suka fito, kuma a nan ne nake ganin muna kwafar abin da bai dace da mu ba. Mai wasan harbi a Amurka da ke ƙona harsashi 500 a mako zai cika 5,000 cikin mako goma. Jami'in da, a ce, harsashi 50 yake harbawa a shekara wurin atisaye, sai ya yi shekara 100 kafin ya kai nan. Bindigarsa ba harbi ke tsufar da ita ba. Zama ne a ƙugu: gumin bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40, laimar damina da ke shiga kuben fata ta kwanta, da ƙurar hunturu mai laushi kamar gari wadda ba ramin da ba ta shiga. Wanda ya taɓa share tagar ɗakinsa da safe a watan Janairu ya dawo da azahar ya rubuta sunansa a kai ya san abin da nake nufi. In ƙurar nan ta haɗu da mai sai ta zama kwaɓi. Kuskuren da Kawu ya ce ya fi gani wurin samari masu ƙwazo shi ne tsiyaya mai ko'ina, har cikin ramin allura, alhali wannan rami a bushe ake son sa. Mai ya kama ƙura, ƙura ta daskare, allura ta rasa gudu, dukanta ya yi sanyi. Sai a ce resor ɗin allura ya mutu a nemi sabo, alhali wanki kawai yake so.

Sojan Amurka ma sun sha wannan darasi a Iraƙi bayan 2003. Ƙorafi ya yi yawa cewa M9 na cijewa, da aka bincika sai aka tarar babban laifin na sharjer ne: wani kaushin shafe da aka yi wa cikinsu don hana tsatsa shi ke riƙe rairayi, harsasai su kasa hawowa. Aka canja shafen zuwa mai santsi. Ƙasarmu ta fi kama da Iraƙi fiye da filin harbin Turai, kuma a nan ma sharjer ne ya kamata a fara tuhuma duk lokacin da bindiga ta cije. Shi ke faɗuwa ƙasa, shi ake takawa, leɓɓansa na sama da ke riƙe harsashi suna buɗewa ko su lanƙwashe. Akwai wata al'ada ta zazzage harsasai kowane dare wai don resor ya huta. Ƙarfe ba ya hutawa irin na ɗan Adam. Resor mai kyau da aka matsa iya inda aka ƙera shi ya kai, zama a matse ba ya cinsa kamar yadda matsawa da sakewa ke cinsa, don haka mai zazzagewa kullum shi ke ƙara masa gajiya. Abin da ya fi amfani shi ne a sa wa kowane sharjer lamba a gindi. In bindiga ta cije a rubuta lambar. In lamba ɗaya ta fito sau biyu, a fitar da shi daga aiki, kada a maida shi cikin akwati ya koma hannun wani.

Kalanda tana da nata wurin, amma ƙarami ne. Saitin dare mai ƙyalli da sinadarin tiritiyom yana rasa rabin haskensa duk shekara 12 da ƴan watanni, ko an harba ko ba a harba ba. Kayan roba suna bushewa da zafi. Harsashin da ake ɗauka kullum yana shan gumi da mai, kuma wanda ake ta cusawa a bututu ana fitarwa kowace safiya da maraice kansa yakan nutse cikin kwanso, matsi ya ƙaru ranar da aka harba shi. Irin wannan a ware shi, sauran kuma a riƙa ƙone su a atisaye ana karɓar sababbi.

Duk wannan bayani a kan abu ɗaya yake tsaye, kuma shi ne ya fi araha: karne, wato ɗan littafin da ake rubuta tarihin kowace bindiga. Ba yadda za a ce a canja resor a harbi 5,000 in ba wanda ya ƙirga. Bindigar hukuma tana wucewa hannu da hannu, wannan ya yi canjin wurin aiki ya miƙa, wancan ya karɓa, ba wanda ya san ko ta yi harbi 300 ko 13,000. Biyu za su iya zama a akwati ɗaya, shekararsu ɗaya, ɗaya ta yi zamanta a ƙugun mai gadin ofis, ɗaya ta fito daga makarantar horo. A lissafa: bindiga goma, ɗalibai 200, kowa harsashi 100, kowace bindiga ta sha 2,000 a zango ɗaya. Wadda ke makaranta tana buƙatar tsarin Baba sosai, a kan ƙirga. Ta mai gadi tana buƙatar idon Kawu. In ba karne, dole a yi musu hukunci ɗaya, ko a yi ɓarnar kaya a kan wadda ba ta buƙata, ko a bar wadda ta gaji. Kayan gyara kuwa ba a Zinder ake ƙera su ba, daga waje suke zuwa ta hannun hukuma, da takardu da jira, don haka kowane resor da aka sa inda bai kamata ba an hana wata bindigar ne. Abin yana ba ni takaici, domin littafi ne na ƴan dala da biro: lambar bindiga, ranar harbi, adadi, abin da ya faru, abin da aka canja. Direbobinmu sun daɗe da sanin wannan, suna rubuta kilomitar bidanji, wato canjin man inji, a ɗan kwali su rataya kusa da sitiyari. In bindiga ta zo ba tarihi, abin yi shi ne mai gyara ya duba ta ciki da waje, ya sa sabon dogon resor, ya buɗe mata shafi daga sifili.

Akwai kuma bambancin da ke tsakanin bindigar da ake koyo da ita da wadda za a fita sintiri da ita. Ta koyo in ta cije, malami ya ɗaga hannu a tsaya, har ma ɗalibi ya koyi yadda ake warware cijewa. Ta sintiri ba ta da wannan dama, don haka a kanta ake matso da wa'adi kusa, a canja tun da sauran rai. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Bindigar da aka taɓa cikinta, ko da resor ɗaya ne, ba ta koma ƙugu sai ta je filin harbi ta cinye sharjer biyu ko uku da irin harsashin da za a ɗauka, ba tare da ta yi tari ba. Canja kaya daren da za a fita aiki ya fi barin tsohon haɗari. Wannan ita ce amsar labarin da Kawu ke bayarwa na wadda ta cije a harsashi na uku: an yi sa'a a filin harbi ta cije.

Rannan Baba ya kawo tambayar da ta sa Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce, "To, Alhaji, wadda kayanta suka ƙare a duniya fa?" Yana nufin irin su MAC 50, bindigar Faransa ta 1950 mai cin harsashi tara, wadda ta bazu a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, kuma an daina ƙera ta tun shekarun 1970. Su Baba a gareji in kaya ya ɓace sukan sayi matacciyar mota su riƙa cira. Kawu ya ce su ma sun yi haka, a kashe ɗaya a raya biyu, amma kayan da aka ciro daga tsohuwa tsoho ne, ba wanda ya san saura nawa a ransa. Ya ce irin wannan yakan rubuta mata jan layi a karne, ta koma ta koyar da kwancewa da ɗaurawa a aji, ba harsashi.

Baba ya ce, "Ko da tana tashi?"

Kawu ya miƙa mini kofin shayi ya ce, "Ɗana, zuba wa Babanka." Sannan ya juya ya ce, "Ko da tana tashi. Sau biyu na rubuta takarda a kan wata, na ƙi sa hannu a fitar da ita. Yaron da za a ba, watansa huɗu da aure."